Tambayoyin Masu Karatu: Koyar da Ilimin Halittu da Matsalolin da Ke Kewaye da Makaranta

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowar duk sun taru ne a kan batu guda, wato yadda malamin sakandare zai koyar da ilimin halittu, wanda aka fi sani da bayoloji, ta hanyar amfani da matsalolin muhallin da ɗalibansa ke gani kullum, tare da kayan karatun da kwamfuta da wayar hannu suka kawo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar bayoloji ce a babbar sakandare, shekarata shida ke nan ina koyarwa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗalibaina suna haddace ma'anar kalmomi su zuba a takardar jarrabawa, amma idan na tambaye su bayan wata guda sai in tarar kamar ba mu taɓa yin darasin ba. A bayan katangar makarantarmu akwai wani kududdufi da ruwansa ya koma kore, yana wari, sauro kuma ya addabi makwabta. Na sha jin ana cewa a koyar da kimiyya ta hanyar matsalolin muhalli, a haɗa da kayan intanet. Abin da nake da shi kwamfuta ce guda ɗaya da wayata. Ta ina zan fara, kuma yaya zan yi kada in kasa ƙare manhajar karatun da aka ɗora mini?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ƙara basira. Ki fara da kududdufin nan kafin ki kunna kwamfutar, domin a cikinsa akwai babban kaso na darussan da manhajar ta wajabta miki, kuma tsarin da nake ba kowane malami shawara a kai shi ne ɗalibi ya fara gani da idonsa, ya ƙirga da hannunsa, sannan a kai shi gaban allon na'ura don ya ga abin da ido ba zai iya kai wa gare shi ba. Idan aka juya wannan jeri, aka fara da bidiyo, sai yaro ya ɗauki kimiyya a matsayin abin da ke faruwa a wata ƙasa mai nisa a hannun mutanen da ba su yi kama da shi ba.

Mako na farko ki ɗebo ruwan da ludayi mai dogon mariƙi, ki zuba a kwalaben gilashi masu haske, ki rufe bakin kowacce da ƙyallen gidan sauro, ki ɗaure da roba, ki ajiye a gefen taga inda rana ba ta dukan su kai tsaye. Ki sa ɗalibai su zauna shiru su duba. Za su ga tsutsotsin sauro suna rataye a ƙarƙashin fuskar ruwan, kuma da zarar wani ya wuce da hannunsa inuwarsa ta faɗa kan kwalbar, sai duk su nutse ƙasa suna wutsil-wutsil, bayan ɗan lokaci su sake tasowa ɗaya bayan ɗaya. A nan tambaya ta farko take fitowa daga bakin yaran da kansu: me ya sa suke komowa sama? Amsar ita ce iskar sarari suke shaƙa, kuma da wannan kin shiga darasin numfashi ba tare da kin rubuta ma'anar komai a allo ba. Idan suka ƙara lura za su ga wasu tsutsotsin suna rataye kai ƙasa, suna shaƙar iska ta wani ɗan bututu a wutsiyarsu, wasu kuwa suna kwance a miƙe daidai da fuskar ruwan. Na kwancen nan su ne 'ya'yan sauron anofilis mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, kuma sun fi son ruwan da bai ƙazantu sosai ba, saboda haka a ruwa mai wari irin wanda kika bayyana akwai yiwuwar masu ratayen ne za su fi yawa. Wannan bambancin kaɗai darasi ne a kan rarrabe jinsunan halittu da kuma yadda kowace halitta take da mazaunin da ya dace da ita. A yanayin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai fiffike ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu, don haka kowane rukuni zai iya riƙe littafin lura, yana rubuta kwanan wata da abin da ya gani yana kuma zanawa, har ranar da za su zo da safe su tarar da sauro manne a jikin ƙyallen, ɓawon da ya fito daga ciki yana yawo a saman ruwa. Ban taɓa ganin ɗalibin da ya shaidi wannan safiyar ya manta da matakan rayuwar sauro ba.

Bayan nan sai a komo kan launin ruwan. Koren nan gansakuka ce da ƙananan halittu masu haɗa abincinsu da hasken rana, kuma abin da ke sa su yi yawa haka shi ne sinadaran naitirojin da fosfaras da ke gangarowa daga takin gona, da kashin dabbobi, da ruwan wanki da na kwata. Idan suka mutu, ƙwayoyin bakteriya masu ruɓar da su suna cinye iskar oksijin da ke narke a cikin ruwan, daga nan wari ya tashi, kifaye da sauran halittun da ke buƙatar iskar su mutu. Iskar tana yin ƙasa ƙwarai da asuba, saboda duk dare babu hasken da za a haɗa abinci da shi amma kowace halitta tana numfashi, shi ya sa aka fi tsintar matattun kifaye da sassafe. Ki duba yawan darussan da suka haɗu a wannan sarƙa ɗaya: haɗa abinci da hasken rana, numfashi, ruɓewa, zagayen naitirojin, sarƙar abinci da gurɓatar ruwa. Wannan ce amsar damuwarki game da ƙare manhaja. Kafin zangon karatu ya fara, ki zauna da manhajar da alƙalami, ki yi wa duk batun da kududdufin zai iya ɗauka alama, ki tattara su wuri guda na tsawon makonni uku ko huɗu. Sauran batutuwan da bai shafa ba, irin su tsarin ƙashin jikin mutum, ki koyar da su yadda kika saba, kada ki tilasta musu shiga inda ba su dace ba.

Ana iya yin ƙaramin gwaji a cikin aji don tabbatar da zancen takin. A zuba ruwan kududdufin daidai wa daida a kwalabe uku, a bar ta farko yadda take, a sa wa ta biyu ɗan takin zamani kaɗan, ta uku a ninka mata, a ajiye su a wuri ɗaya mai haske, a riƙa ɗaukar hotonsu da wayarki kullum a lokaci ɗaya, da farar takarda a bayansu. Kwalbar farko ita ce ma'auni, kuma ina roƙonki ki ɓata lokaci sosai wajen sa ɗalibai su faɗi da bakinsu dalilin da ya sa ba za a iya cewa komai game da sauran biyun ba idan babu ita, domin wanda ya fahimci wannan ya kama ginshiƙin binciken kimiyya.

A wannan gaɓar ne kwamfutarki take da aiki, kuma aikinta shi ne ta faɗaɗa wa yaran abin da suka riga suka gani. Ki sa su shigar da alƙalumansu cikin jadawalin kwamfuta su fitar da zanen da ke nuna hawa da sauka. Ki buɗe musu Google Earth, manhajar da ke nuna hotunan doron ƙasa daga sama, ki nemo makarantarku, ki koma tsofaffin hotuna idan akwai su, su ga yadda wurin yake shekarun baya. Tun 1972 taurarin ɗan'adam na shirin Landsat na Amurka suke ɗaukar hoton doron ƙasa, kuma tun 2008 aka buɗe taskar hotunan kyauta ga kowa. Da irin waɗannan hotunan za ki nuna musu Tekun Aral da ke tsakanin Kazakistan da Uzbekistan, wanda a 1960 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 68,000, yana na huɗu a jerin manyan tafkunan duniya, amma mafi yawansa ya ƙafe ya bar jiragen kamun kifi a kan rairayi bayan an karkatar da kogunan Amu Darya da Sir Darya zuwa gonakin auduga. Yaron da ya shafe makonni yana lura da ƙaramin kududdufi zai kalli wannan hoton da idon mai bincike, ya tambayi abin da ya sami gishirin ruwan da kifayen.

Ki kuma ba su labarin waɗanda suka fara da irin abin da suke yi. A 1674 Antoni fan Liwenhuk, ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, ya ɗebo ruwan wani tafki ya duba da gilashin da ya goge da hannunsa, ya ga ƙananan halittun da babu wanda ya taɓa bayyana su. A 1854 likita Jon Sino ya bi gida-gida a unguwar Soho ta birnin Landan yana sa alamar mamatan kwalara a kan taswira, har ya nuna cewa mutuwar ta taru ne kewaye da famfon ruwa na titin Brod, aka cire mariƙin famfon, alhali shi kansa bai taɓa ganin ƙwayar cutar ba. A 1897 kuma Ronal Ros ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin tumbin sauro a ƙasar Indiya, aikin da ya sa ya sami kyautar Nobel a 1902. Ɗalibanki za su iya kwaikwayon aikin Sino ta hanyar zana taswirar kewayen makaranta, su sa alama a duk inda ruwa ke kwanciya, a tsohuwar taya ko gwangwani ko kwata, su rubuta ko akwai tsutsa a ciki.

Tambaya: Malam, ina koyarwa a makarantar da babu ɗakin gwaje-gwaje, wuta ba ta tsayawa, intanet kuma sai an hau tudu ake samu. Idan na ji ana zancen kayan karatu na zamani sai in ga kamar ba da mu ake ba. Akwai abin da irina zai iya yi?

Amsa: Akwai, Malam, kuma mafi yawansa ba ya buƙatar intanet sai sau ɗaya, ranar da za ka sauke shi. Jami'ar Kolarado da ke Bolda a Amurka tana da wani shiri mai suna PhET, wanda Kal Waiman, masanin fiziya da ya ci kyautar Nobel a 2001, ya kafa a 2002. Ƙananan gwaje-gwaje ne na kwaikwayo da ake bayarwa kyauta, ana sauke su a kwamfuta su yi aiki ba tare da intanet ba. Akwai ɗaya a cikinsu da ke nuna zomaye a fili, inda ɗalibi zai canza launin gashinsu, ya sako kyarkeci ko ya rage abinci, ya ga wane iri ne ke wanzuwa bayan haihuwa da yawa. Wannan abu ne da ba za ka iya nunawa a harabar makaranta cikin zango ɗaya ba, saboda haka nan ne na'ura ta cancanci wurinta. Amma kafin ka kunna shi ka tambayi ajin me ya sa maganin sauron da ake fesawa yake raguwa da ƙarfi bayan shekaru. Kusan dukansu za su ce sauron ne ya saba da shi. Wannan kuskure ne da ya kamata ka tsaya a kansa, domin sauro ɗaya ba ya sabawa. Tun farko akwai 'yan kaɗan da suka gaji juriya a halittarsu, maganin ya kashe sauran ya bar su, su kuma suka hayayyafa. An ga haka da maganin DDT tun shekarun 1950, ana kuma ganinsa yau da sinadaran da ake jiƙa gidan sauro da su. Idan yaro ya ga zomayen a allo bayan wannan muhawarar, zai gane cewa labari ɗaya ne.

Akwai kuma Kiwix, manhajar da ke ba ka damar ɗaukar Wikipedia a waya ko kwamfuta ka karanta ba tare da intanet ba. Game da madubin ƙara girman ƙananan halittu, Manu Farakash da abokin aikinsa a Jami'ar Stanford sun fito da Foldscope a 2014, madubi ne na takarda da ake naɗewa da hannu, mai ƙara girma kusan sau 140, kuma ana iya manna shi a kyamarar waya a ɗauki hoto. Waya ɗaya tak ta isa ajin gaba ɗaya idan aka tsara zagayawa rukuni-rukuni.

Sauran aikin kuwa igiya da sanduna ne. Ka haɗa murabba'i mai mita ɗaya kowane gefe, ɗalibai su jefa shi wurare goma a filin da dabbobi ke kiwo, da wasu goma a inda aka killace, su ƙirga ire-iren tsirran da ke ciki. Ka yanka robobin ruwa biyu a tsaye, ka cika ɗaya da ƙasa tsirara, ɗayar da ƙasa mai ciyawa da saiwoyinta, ka karkata su daidai, ka zuba musu ruwa mudu ɗaya, su kwatanta launin abin da ya gangaro, ka ga darasin zaizayar ƙasa ya kammala. Don ƙiyasta yawan wata halitta, a ce sun kama ƙwari 40 sun ɗiga musu fenti sun sake su, bayan kwana biyu suka kama 50 suka tarar 10 na da alama, sai su ninka 40 da 50 su raba da 10, su sami 200.

Tambaya: Ni uba ne, kuma 'yata ta zo gida tana cewa malaminsu zai kai su bakin kwata da juji yin darasi, ya kuma ce wanda ke da waya ya zo da ita. Gaskiya hankalina bai kwanta ba. Ina tsoron cuta, ina tsoron abin da waya ke jawowa, ina kuma ganin kamar ɓata lokaci ne alhali jarrabawa na tafe.

Amsa: Malam, tsoronka na farko yana kan hanya, kuma haƙƙinka ne ka je ka tambayi malamin irin tanadin da ya yi. Ruwan da ke kwance yana iya ɗauke da katantanwar da ke yaɗa cutar tsargiya, wadda tsutsarta ke huda fatar mutum ta shiga jiki ko da bai sha ruwan ba, juji kuma ba ya rasa fasasshen gilashi da tsohuwar allura. Malamin da ya san aikinsa ba zai bar ɗalibi ya sa ƙafa ko hannu a ruwan ba. Shi ne zai ɗebo, ko ya sa a ɗebo da abu mai dogon mariƙi, yara su sa takalmi mai rufi da safar hannu, a wanke hannu da sabulu bayan an gama, a kuma sanar da shugaban makaranta da iyaye tun kafin ranar. Idan ka sami waɗannan amsoshin, ina ba ka shawara ka bar ta ta je. Idan ba ka same su ba, ka nemi a gyara.

Game da waya, ni ma ban goyi bayan a ce kowane yaro ya zo da tasa ba, domin hakan yana raba aji gida biyu, masu shi da marasa shi, yana kuma raba hankali. Waya ɗaya ko biyu a hannun malami sun wadatar. Zancen ɓata lokaci ne kawai ban yarda da kai ba. Jarrabawar bayoloji tana da ɓangaren aiki da hannu, inda ake ajiye wa ɗalibi samfuri a ce ya duba, ya zana, ya rubuta abin da ya lura da shi, ko a ba shi jadawalin alƙaluma ya fassara, kuma wannan shi ne ainihin abin da 'yarka za ta koya a wannan fitar. Tsarin ma ba sabon abu ba ne da malamin ya ƙago, domin tun a taron da hukumar UNESCO da shirin muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya suka shirya a birnin Tibilisi a 1977 aka yi kira da a riƙa koyar da yara ta hanyar matsalolin muhallin da suke rayuwa a ciki. Da daddare ka ce ta nuna maka littafin lurarta ta yi maka bayani, za ka gane da kanka ko ta ƙaru.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe. Akwai manhajojin da ake ɗaukar hoton ganye ko ƙwaro su faɗi sunansa, akwai kuma na ƙirƙirarriyar basira da ke amsa kowace tambaya. Malaminmu ya ce kada mu dogara da su. Ashe ba sun fi littafi sani ba?

Amsa: Malaminku ya faɗa maka gaskiya, ɗana, ko da yake ban ce ka yar da su ba. Manhaja irin iNaturalist, wadda ta faro a 2008 a matsayin aikin ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, tana hasashen sunan halitta ne ta hanyar kwatanta hotonka da hotunan da mutane suka riga suka ɗora. Inda aka ɗora hotuna da yawa tana yin daidai sosai, inda kuwa aka ɗora kaɗan tana iya ba ka sunan wani tsiro mai kama da naka wanda ke wata nahiya. Shi ya sa su kansu masu shafin ba sa ɗaukar suna a matsayin abin dogaro ga masu bincike sai mutane sun duba, fiye da kashi biyu cikin uku na waɗanda suka ba da suna sun yi ittifaƙi. Manhajojin da ke amsa tambayoyi kuma suna iya rubuta kuskure da cikakken tabbaci, cikin harshe mai daɗin karantawa.

Ga yadda za ka yi. Kafin ka ɗaga waya ka rubuta abin da idonka ya gani: ganyen a jere suke biyu-biyu ko ɗaya bayan ɗaya, gefensu sumul ne ko mai haƙora, jijiyoyinsu a miƙe suke ko kamar raga, ƙwaron ƙafafunsa nawa, fikafikansa nawa. Daga nan ka tambayi manhajar, ka ɗauki sunan da ta ba ka ka nemi bayaninsa a littafi, ka gwada da abin da ka rubuta. Ka kuma tambayi wani dattijo manomi ko makiyayi sunan tsiron da harshenku da lokacin da yake fure, ka rubuta sunayen biyu gefe da gefe tare da kwanan wata da wurin da ka same shi. Idan bayanan suka saɓa wa juna, ka tsinko ganyen ka kai wa malaminku ranar darasi na gaba.